Batir Kafin Katin Hoto: Jerin Burin Wani Ɗan Wasan Kwamfuta a Kazaure

Duk mai wasan kwamfuta, ko a Tokyo yake ko a Takai, yana da jerin abubuwan da yake burin mallaka. Kantin Steam, wanda shi ne babbar kasuwar wasannin kwamfuta a intanet, ya ma ware shafi na musamman domin haka: mutum ya jera wasannin da ransa ke so, in an yi ragin farashi a aiko masa da saƙo. A Turai da Amurka tsarin jerin sananne ne. Sababbin wasanni ne a sama, sai katin hoto mai ƙarfi da zai iya ɗaukar su, sai faffaɗan allo, sai kujera mai taushi. Babu mai rubuta wutar lantarki a ciki, kamar yadda mai lissafin cefane ba ya rubuta iskar da zai shaƙa.

A Kazaure lissafin ya sha bamban. Akwai wani matashi a garin, ɗan shekara 27, mai gyaran kwamfuta da cike wa ɗalibai fom a intanet, wanda tun 2019 yake rubuta nasa jerin a bayan littafin da yake shigar da cinikin shago. Ya soke, ya sake, ya sauya lambobi ba adadi. Abin da ke kan gaba a 2019 yau shi ne na biyar, kuma abubuwa huɗun da suka sha gabansa babu ko ɗaya da ake sayarwa a kantin wasanni. Wanda ya bi jerin nan daga sama zuwa ƙasa zai ga ainihin abin da ke tsakanin matashin Arewa da na'urar zamani, da kuma dalilin da ya sa kuɗi kaɗai ba sa cike tazarar.

Inda sha'awar ta samo asali

Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Jihar Jigawa a garin, wadda kowa ya fi sani da Informatics, da haɗin gwiwar wata cibiya ta ƙasar Singafo. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Waɗannan makarantu biyu sun sa ɗalibai daga Roni da Gwiwa da Babura, har da na wasu jihohi, suna shigowa garin da kwamfutocin cinya a jakunkunansu tun lokacin da garuruwa da yawa masu girman Kazaure ba su san ta ba. Yaron da ya taso a irin wannan gari ya ga kwamfuta a hannun yayyensa kafin ya iya rubuta wasiƙa.

Shi kuwa matashin nan ta gidan gem ya shigo. Shago ne ƙarami mai benci biyu da talabijin, da PlayStation 2, da janareta a bakin ƙofa. Ana biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo na Pro Evolution Soccer, wanda ya sha kashi ya miƙa wa na gaba. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, amma a garuruwan Arewa ta yi tashenta ne bayan an daina yayinta a Turai, domin sai waɗanda aka gaji da su a can suke isowa nan da araha. Wannan jinkiri na shekaru shi ne darasin farko da ya koya, tun bai san darasi ba ne: abin da duniya ke kira tsohon yayi, a nan shi ne sabon shigowa.

Farashin da ba ya tsayawa a cim masa

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. In ya yi rauni, wasan sai ya riƙa sarƙewa kamar mota a yashi. Shi ya sa ya zama lamba ta ɗaya a jerin farko. A 2019 kamfanin Nvidia ya fitar da GTX 1650 a kan dala 149, dala kuma tana wajen naira 360. Kuɗi ne masu yawa ga mai ƙaramin shago, amma ana iya hango su.

Kafin ya tara, buri ya ƙaru, duniya kuma ta juya. A farkon 2021 aka fitar da RTX 3060 a kan dala 329, sai dai samun sa a wannan farashi ya zama sai mai rabo, saboda ƙarancin kayan haɗa na'urori bayan annobar korona, da kuma masu haƙar kuɗin intanet da suka riƙa kwashe katunan da zarar sun fito. A watan Satumba na 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙa, farashi ya sauko, katunan da aka gama wahalarwa suka cika kasuwannin kayan hannu. A farkon 2023 matashin yana da naira 250,000 a ajiye. Da dala a kan kimanin naira 750 a kasuwar bayan fage, kuɗin sun haura dala 330, wato sun isa. Ya ce bari ya ɗan ƙara haƙuri ya haɗa da kuɗin sauran kayan.

A watan Yuni na wannan shekara gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗinsa suna nan cif, ko kwabo bai taɓa ba, amma rabin ƙarfinsu ya tafi. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ya san wannan labari, sai dai mai wasan kwamfuta yana jin sa tsagwaronsa, domin babu ko ƙusa ɗaya a jerinsa da ake ƙerawa a Najeriya. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499. A canjin naira 1,500 kuɗinta sun kusa naira 750,000, fiye da albashin wata goma na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Babban sabon wasa guda na dala 70 ya yi daidai da albashin wata ɗaya da rabi.

Ko da kuɗin a hannu, biya ma aiki ne. A 2022 bankunan Najeriya suka rage, daga baya da yawansu suka dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙetare, sai a tsakiyar 2025 aka fara dawo da shi. Kantin PlayStation kuwa ba shi da Najeriya a jerin ƙasashensa, sai mutum ya buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, ya sayi katin kuɗi daga hannun dillalai da riba a kai. Wanda ke mamakin yadda kwafin sata ya mamaye kasuwar wasanni a ƙasar nan, ya fara duba wahalar da mai son sayen na halal ke sha.

Lamba ta ɗaya: wuta

Abin da ya sauko da katin hoto daga saman jerin lissafi ne da matashin ya zauna ya yi da biro. Kowace na'ura tana da adadin wat da take ci. Fankar sama tana cin kimanin 70. Kwamfutar cinya ta ofis tana wadatuwa da 45 zuwa 65. RTX 3060 shi kaɗai yana cin 170, RTX 4060 da ya biyo baya a 2023 yana cin 115, babban yayansu RTX 4090 kuwa 450, wato daidai da fanka shida suna juyawa a lokaci guda. In aka haɗa kati matsakaici da sauran kayan cikin kwamfutar da allo, ana maganar wat 300 zuwa 350. Wasan awa uku ya cinye kusan kilowat-awa ɗaya ke nan.

Ga mai wuta dare da rana wannan ba abin dubawa ba ne. A inda wutar ke zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, lissafin na komawa kan batir. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe kilowat-awa 2.4 a rubuce, amma in irin na ruwa ne, masu harkar sola suna gargaɗin kada a zuƙe fiye da rabinsa, in ana son ya yi ƙarko. Saura 1.2. Ma'ana wasan dare ɗaya zai shanye batirin gida kaf, a kwana babu fanka. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ya zama abin da ake tayarwa domin aikin da zai dawo da kuɗinsa. Akwai kuma haɗarin da ya fi rashin wutar: wutar da ke hawa da sauka. Ita ce ke ƙona akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta, wani lokaci ta tafi da katin da aka shekara uku ana tara kuɗinsa. Mai gyaran kwamfuta ya fi kowa sanin haka, don a teburinsa gawawwakin ke ƙarewa.

Saboda haka ya rubuta a saman shafi: farantan sola, inbata, batir. Katin hoto ya sauka mataki ɗaya.

Lamba ta biyu: sanyi da tsabta

Daga nan sai yanayi. Na'urar sanyaya kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ja ta hura wa kayan ciki. Masu gwada katuna a ƙasashen sanyi suna yin gwajinsu a ɗaki mai digiri 21 ko 22. A Kazaure, a watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuma ya fi waje zafi da rana. Kusan digiri 20 ke nan aka yi asara tun kafin a kunna. Kayan cikin kwamfuta kuwa an tsara su ne su rage gudu da kansu idan zafinsu ya kai wani mizani, tsakanin digiri 80 da wani abu zuwa 100 gwargwadon irinsu, don kada su ƙone. Mutum sai ya biya kuɗin doki ya sami gudun jaki.

Da zafi ya wuce, damina ta wuce, sai hunturu ya zo da ƙurarsa. Ƙurar tana shiga ta kowace kafa, ta kwanta a fankokin ciki, ta toshe hanyar iska kamar auduga. Don haka lamba ta biyu a jerin abubuwa ne marasa kwarjini: akwatin kwamfuta mai ragar tace ƙura, ƙarin fanka biyu, man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar na'ura don ta riƙa fitar da zafi, da silin a ɗakin. Babu ɗan wasan da ke mafarkin silin, amma shi ne ke ƙayyade ko katin zai kai shekara biyar ko biyu.

Lamba ta uku: data da nisa

Wasannin yau ba a faifai suke zuwa ba, sauke su ake yi, kuma sun yi girman da ya wuce misali. Red Dead Redemption 2 yana neman gigabait 150 a kwamfuta. Bayan an sauke, kamfanonin kan riƙa aiko gyare-gyare masu nauyin gigabait da yawa, wasu wasannin ba sa buɗewa sai an karɓa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Wannan ya sa a nan faifan ajiya na tafi-da-gidanka ya fi layin intanet amfani: mutum ɗaya ya sauke a Kano, inda bai kai kilomita 100 daga Kazaure ba, goma su kwafa.

Akwai kuma abin da kuɗi ba sa saye. Wasan da ake bugawa da mutane ta intanet yana gudana ne a manyan kwamfutocin kamfani da ake kira saba, mafi yawansu a Turai, wasu a Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kilomita 200 a milisakan ɗaya. Saƙon da ya tashi daga Kazaure zai yi kimanin kilomita 1,000 zuwa Legas, ya shiga teku. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a 2010 tana da tsawon kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, daga can kuma a ƙarasa Landan ko Farankfot. Zuwa da dawowa ya kusa kilomita 20,000, milisakan 100 ke nan, kafin a lissafa jinkirin turakun waya da cunkoso. Abokin karawarsa da ke zaune a Jamus yana samun amsa cikin milisakan 20 ko ƙasa da haka. A wasan harbi ko na ƙwallo, wannan tazara ita ce tsakanin wanda ya buga da wanda aka buga. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, Afirka ta Yamma duka ta ga yadda rayuwarta ta intanet ke rataye da 'yan igiyoyi. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana cikin jerin matashin da alamar tambaya a gefensa: da dala aka ƙera shi, kuma shi ma yana cin wuta kamar fanka.

Ba abin mamaki ba ne da ƙannensa suka bi wata hanya. Free Fire da PUBG Mobile da eFootball a waya suke bugawa, wayar da ke caji da ƙaramin faranti, ba ta neman silin ko inbata. A Afirka waya ce na'urar wasan talaka, kuma dalilan su ne waɗannan da aka lissafa.

Lamba ta huɗu: ƙananan gyare-gyare

Kwamfutar da yake da ita tsohuwar ta ofis ce da aka shigo da ita daga Turai, ya saya a titin Beirut a Kano. Abu biyu ya yi mata da suka fi komai tasiri, kuma su ne mafi araha a jerin. Ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, na'urar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta farka ta koma farkawa cikin daƙiƙu. Ya ƙara RAM daga gigabait 8 zuwa 16. Shawarar da yake ba duk ɗalibin da ya zo masa da kukan kwamfuta ke nan, kuma da wuya ta ci tura.

Sai dai tsohuwar na'ura tana da wa'adi. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin da take ba Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na takwas na Intel. Irin waɗannan su suka cika ofisoshi da makarantu da shagunan Arewa. Abin da ya fara shafar ɗan wasa yau, gobe zai iso teburin sakatare da akawu.

Ranar yanke shawara

Da kuɗin suka sake taruwa, sai maganar ta isa kunnen mahaifinsa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Ya kira shi zaure bayan sallar isha'i.

"Auta, an ce mini dubu ɗaruruwa za ka zuba a wasan yara. Sa'o'inka suna haɗa lefe."

"Baba, ai da shi nake koyon aikin. Kuma ba duka ne na wasan ba."

"To wanne ne ba na wasan ba? Karanto mini."

Damuwar dattijon tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya kamuwa da jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, kuma kowace unguwa ta san yaron da gem ya raba da makaranta ko ya sa shi wasa da lokacin salla. Amma da matashin ya karanto jerin daga sama, sai uban ya ji sola, ya ji batir, ya ji silin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Fara da na saman. Innarku ba ta barci saboda zafi."

Haka aka yi. Farantai biyu suka hau rufi, inbata da batir suka shiga lungun falo. Fankar ɗakin Inna tana kwana tana juyawa, maƙwabta suna kawo cajin waya, shagon ya daina mayar da masu cike fom saboda rashin wuta, ciniki ya ƙaru. Shi kuma yana samun awa ɗaya ko biyu da rana tsaka, lokacin da farantan ke ba da fiye da abin da gidan ke sha, ya buga tsofaffin wasannin da na'urarsa za ta iya ɗauka. Katin hoto yana nan a lamba ta biyar, da farashi uku da aka soke a gefensa.

Wasannin kansu

A shafi na gaba ne sunayen wasannin suke. Akwai waɗanda kowa zai zata: EA Sports FC, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, da Grand Theft Auto VI da aka yi ta ɗage fitowarsa. Amma biyu ya ja wa layi. Na farko Age of Empires III, wanda a watan Agustan 2021 aka ƙara masa wani ɓangare mai suna The African Royals. A ciki mutum zai iya jagorantar Hausawa, da Kano a matsayin babban birni, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, da mahaya masu lifidi da maharba Fulani a rundunarsa. Na biyu Civilization VII na 2025, inda Amina ta sake fitowa cikin shugabannin tarihin da ake zaɓa. Yaron da ya girma yana tuƙa mota a titunan Amurka na ƙarya, yana cin ƙwallo da kulob ɗin Sifen, ya ga ganuwa da rawani a allo, amma waɗanda suka zana su ba su taɓa shan ruwan Kano ba, kuma da dala za a sayar masa.

Ƙasan wannan shafi akwai layi ɗaya da babu farashi a gabansa. Wasa ne da ba a yi ba tukuna. Wani lokaci yakan ce na dara ne, wanda za a buga a waya tsakanin Kazaure da Maraɗi. Wani lokaci yakan ce na tarihin Ɗan Tunku ne, wanda ya kafa masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, da takaddamarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, a tsakanin duwatsun da suka kewaye garin. Wasu a nahiyar sun riga sun gwada: kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, Maliyo na Legas kuma ya daɗe yana yin wasannin waya masu labarin gida. Manhajar Godot da ake gina wasanni da ita kyauta ce, Blender ta zanen siffofi ma haka, kuma dukansu suna tashi a kan tsohuwar kwamfutar ofis mai SSD da RAM 16. Ya sauke su a daren da data ta yi araha. Zuwa yanzu ya gama zana allon dara mai gurabe 30, yana fama da koya wa na'urar dokar cin ɗa idan uku sun jeru.